Butar Ɗana Ba Ta Raguwa

Daga admin: Wata uwa ce daga Gadarif ta turo wannan da murya. Ta ce a rubuta yadda ta faɗa, kada a gyara mata magana, kada kuma a sa sunanta.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure, da fatan kowa ya tashi lafiya da iyalinsa. An ce mini nan ne mutum yake kawo damuwarsa ba tare da an ga fuskarsa ba, shi ya sa na zo, don in da za a ga fuskata wallahi da ban buɗe baki ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku bari in kai ƙarshe tukuna, ni ba na son mai katse ni.

Ni tsohuwa ce, ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma ba a taɓa kawo magana gabana na rasa kanta ba sai wannan karon. A Gadarif aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai sauke farali, ya je ya dawo, ƙasar nan ta riƙe shi da dawarta. Mijina, Allah ya kai haske kabarinsa, malami ne, kuma ba irin na yanzu masu waya biyu a aljihu ba. Mutum ne da Allah ya ba shi hali. Akwai lokacin da zai shiga guttiyarsa ta bayan gida, ɗakin ciyawa ne zagayayye, ya ja ƙofa, wata da watanni ba ya magana da kowa, ni kaɗai nake shiga in ajiye masa asida, tuwonmu na nan, da butar alwala in fito. Unguwa duka ta san Malam ya shiga halwa, yara ma ba sa wasa ta wannan lungun. Akwai kuma lokacin da zai fito kamar an hura wuta, fuska tana sheƙi, ya yi wa'azi a kasuwar hatsi tun hantsi har la'asar muryarsa ba ta dushe ba, ya tuɓe jallabiyar jikinsa ya ba mabuƙaci, ya taɓa kama hanyar Showak a ƙafa don ya ce ana kiransa. Mutane suka ce jazbu ne, Allah ne ya ja shi zuwa gare Shi. A cikin halwa ya rasu, ya rinƙa rage cin abinci har ya koma kamar kara, kowa ya ce ya san lokacinsa ne. Tun daga nan, in na shiga gidan biki ko gidan makoki sai a tashi a ba ni angarib, gadon nan na igiya, in zauna, a ce matar Malam ta iso. Ban roƙi wannan girman ba, amma ban ga wadda ta fi ni cancantarsa ba.

Ɗa namiji ɗaya ya rage mini, mu kira shi Magaji, ba sunansa ba ne. Magidanci ne, furfura ta fara fito masa, yana da matarsa Batula da 'ya'ya. Shi bai bi karatu ba, noma ya bi, yana da gona a Simsim, riɗi da dawa. Tun yana saurayi yana da kwanakin surutu da kwanakin shiru, muna cewa jinin ubansa ne mu yi dariya, ya wuce. To bana da damina ta kusa sai abin ya zo da wani irin ƙarfi. Magaji ya daina barci, kuma ba ya jin gajiya. Magana ta rinƙa zubo masa, kafin ka kama wannan ya tsallaka waccan, ka tambaye shi ya sha shayi ya ba ka labarin tarakta. Ya karɓi wata gonar a kan tasa, wadda ko mutum uku ba za su iya da ita ba, ya ce shi ne zai ciyar da duk waɗanda suka gudo daga Khartoum da Madani. Ya yanka sa ya yi karama, wato walimar sadaka, ba biki ba suna, ya tara unguwa. Irin dawar da Batula ta adana ya kwashe ya raba. Da ta yi magana ya ce mata ƙaramar zuciya gare ta, ta zo mini tana kuka, ni kuwa na ce mata ke ba ki ga ubansa ba ne, ki gode Allah da ya aurar da ke a gidan kyauta.

A wannan lokacin gidanmu ba wajen sa ƙafa. Mutanen da rabon da su gaishe ni tun makokin Malam, duk sun tuna hanya. Kan gaba a cikinsu shi ne Isiya, ƙanin mijina, mutumin da tun muna da ƙuruciya ban taɓa ganin gumi a goshinsa ba sai in yana cin abu mai zafi. Shi ne mai zama kusa da tukunya, shi ne mai cewa ai Magaji ya gaji yayana, ku dubi idonsa. Ya ci hanta, ya ci ƙirji, ya ƙulle na gida a leda.

Sai riɗi ya nuna. Ku da ba manoma ba, bari in gaya muku, riɗi ba dawa ba ne da za ta tsaya ta jira ka. In ganyensa ya yi ruwan ɗorawa ya fara zuba, to a ranakun nan ne ake yanka shi a ɗaure a jingina dami da dami ya bushe a tsaye. In ka yi jinkiri kwansonsa fashewa yake yi, ƙwayar ta zube a tsagar ƙasa, ba mai iya tsince ta sai tururuwa. Duk Gadarif ba mai kwana a gida a wannan lokacin, 'yan ƙwadago ma sai ka yi rububinsu. To a daidai nan ne wutar Magaji ta mutu. Ya dawo daga kasuwa, ya wuce ɗakin matarsa, ya wuce nawa, ya buɗe guttiyar ubansa da muke ajiye buhunan banza a ciki, ya kwanta a ƙasa ya juya wa ƙofa baya. Waya tana ta kuka a aljihunsa, wakilinsa na gona yana nemansa ya zo da mutane da abinci, bai ɗaga ba. Sai da ƙanin Batula ya bar tasa gonar ya je, ya tarar riɗin ya riga ya zube, abin da ya tsira bai kai a faɗa ba. Noman shekara guda, tsuntsu da tururuwa suka yi karama da shi.

Ina zaune ina jiran in ga masu cin nama sun zo jaje, sai ga Isiya da angarib ɗinsa a ka. Ya dasa shi a ƙofar guttiya, ya naɗa rawani wanda ban san yana da shi ba, ya ce kowa ya yi shiru, Magaji ya shiga halwa a ɗakin ubansa, wanda ya bar riɗi ya zube saboda Allah ai ba ƙaramin mutum ba ne. Kafin a yi haka magana ta zaga. Aka fara zuwa neman albarka, wannan da sukari, wannan da bunni, wato gahawa, wannan da sabulu, Isiya yana karɓa yana turawa ƙarƙashin angarib yana cewa za a isar. Ba abin da ya isa ɗakin Batula, ita da take auna wa 'ya'yanta gari da cokali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Kullum ni nake shiga in ajiye wa Magaji buta cike, kamar yadda na yi wa ubansa. In na fito da ta jiya, sai Isiya ya karɓe ta daga hannuna ya rinƙa tsiyaya wa mata a ƙananan kwalabe, wai ragowar ruwan alwalar mai halwa, a shafa wa yaro mai zazzaɓi, a ba mai neman haihuwa. Har yana cewa ku duba, yana alwala da ita dare da rana amma ba ta raguwa, wannan ita ce alama.

'Ya'yana, ni nake ɗaukar butar nan. Ba ta raguwa don ba ya taɓa ta. Ni nake shiga ɗakin, ni na san warin da yake ciki, warin mutumin da ya daina wanka, da asidar jiya da ƙuda ya rufe. Dardumar da na shimfiɗa masa ƙura ta kwanta a kanta, ko sawun gwiwa babu. Mai halwa tasbaha take hannunsa, ɗana hannunsa a tsakanin cinyoyinsa yake, ido a buɗe yana kallon ciyawa. Na durƙusa na ce Magaji ka yi sallah kuwa, ya ce Inna ƙafata ma nauyi take yi mini. Na ce tashi ka sha ko madara ce, ya ce a ba yara, ni ban cancanci abinci ba, ni na kashe musu riɗi. Wata rana ya ce mini Inna da ƙasa ta rufe ni da kowa ya huta. Na fito na tarar da wata mata tana shafa ruwan butarsa a fuska tana lumshe ido, na kau da kai na wuce.

Akwai wata baƙuwa da muka ba ɗaki a gefen gida tun da yaƙi ya koro su daga Khartoum, ita da tsohuwarta da yaranta. Likita ce, Daktora muke ce mata, a can asibiti take aiki, nan kuma tana zuwa wani wajen duba marasa lafiya. Balarabiya ce, mai ladabi, kullum ta gasa bunni sai ta aiko mini da jabana, 'yar butar gahawa, ba ta taɓa wuce ni ba ta ce Hajja yaya ƙafa ba. Ashe Batula ta je mata a bayan idona, ta kwashe komai ta gaya mata, har ta shigar da ita guttiya lokacin da Isiya ya tafi kai sukari gidansa. Da na ji raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Batula tun yaushe asirin gidan Malam ya zama na 'yan haya. Ta ce mini Inna ki yi haƙuri, ke kina da sunan Malam, ni ba ni da komai sai wannan mutumin da yake kwance. Ban taɓa jin ta mayar mini da magana ba sai ran nan.

Daktora ta same ni a rakuba, rumfar tsakar gida, ina tsintar wake, ta zauna a ƙasa ba a kan kujera ba, wannan na yaba mata. Ta ce Hajja abin da yake damun Magaji yana da suna a wajensu, iɗɗirabul mizaj, ya'ani rikicewar yanayin rai. Na ce hauka dai kike nufi, ki faɗa kai tsaye, ni ba yarinya ba ce. Ta ce a'a wallahi, ba shi take nufi ba, Magaji ya san ni, ya san 'ya'yansa, ya san riɗinsa ya zube, hankalinsa yana nan, abin da ya karkace shi ne ma'aunin da yake riƙe farin ciki da baƙin ciki a jikin mutum. Ta ce kowa yana murna yana baƙin ciki, amma na kowa yana da dalili kuma yana wucewa, ka yi rashi ka yi kuka, a kwana a tashi ka ci abinci. Wannan kuwa zuwa yake yi ya zauna makonni ko watanni, ya hana mutum barci ko ya hana shi tashi, ya hana shi aiki da ci da ibada, kuma lallashi ko faɗa ba sa ɗaga shi. Ta ce iri iri ne, akwai wanda ƙasa kawai yake danna mutum, akwai wanda yake cilla shi sama sannan ya sako shi, kuma alamar ta nuna na biyun ne yake tare da ɗana. Wai yankan san nan da raba irin dawa da rashin barcin, da wannan kwanciyar, duk ciwo ɗaya ne mai fuska biyu. Ta ce ba raunin imani ba ne kuma ba lalaci ba ne, yana da magani da ake sha a riƙe shi kamar yadda nake riƙe hawan jinina, mutum ya koma gonarsa. Amma ta ce maganar nan da ya yi ta ƙasa ta rufe shi, da ƙin abincin, ba abin jira ba ne, a kai shi wajen likitan wannan fanni da wuri, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Har nan ina saurare, don gaskiya ta faɗi ɗana kamar ita ta haife shi. Sai ta ce likitan zai tambaya ko akwai wani a dangi da ya taɓa yin haka, don abin yakan bi jini, kuma ta ji an ce mahaifinsa yakan shige wannan ɗakin. Nan na ture faifan wake. Na ce mata ta iya bakinta, ta tuna a gidan wa take kwana, mutumin da take magana a kansa manyan garin nan sun durƙusa a gabansa tun ba a haifi uwarta ba. Na faɗa mata maganganu, ba zan maimaita su ba. Ba ta tashi ba, ta tattara waken da ya zube tana cewa ma'alesh ya Hajja, ki yi haƙuri, ni ban ce ba bawan Allah ba ne, ban san shi ba, amma bawan Allah ma yana yin maleriya, kuma ba ta rage masa daraja. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Jabanar da ta aiko washegari na mayar mata, ta jibi kuma na sha, don bunnin ba shi ya yi mini laifi ba.

Yanzu ga inda muke. Batula da Daktora sun yi magana da likitan, mai raksha ma, keken nan mai ƙafa uku, sun samu wanda zai zo ƙofar baya. Magaji ya ce shi ba ya iya yanke komai, in Inna ta ce in je zan je. Isiya ya ji ƙishin-ƙishin, ya zo mini yana huci, ya ce matar yaya, in kika fitar da yaron nan daga halwa kika kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, to kin tsaya a tsakiyar unguwa kin ce yayana ma ciwo ne ya yi, kin tone shi daga kabari kin tuɓe masa rawani. Ya ce 'yan matan gidan nan ba mai sake tambayar aurensu, za a ce jinin gidan ne. Na ce masa kai dai sukarinka kake ji, ya ce ko don sukari ne, ƙarya na faɗa? Kuma abin haushin, a wannan ɗayar bai yi ƙarya ba. Na san unguwata, na san bakin matan da suke shafa ruwan nan, su ne za su fara cewa dama mun ga alama. Isiya ya kuma sa ranar Juma'a mai zuwa a taru a yi zikiri a ƙofar guttiya da ganguna, ya gayyato mutane har daga ƙauye, wai a taya mai halwa. In aka yi wannan taron, fitar da Magaji sai ya fi ƙarfina, don jama'a za su zama katanga.

Akwai abin da ban gaya wa Batula ba, ban gaya wa Daktora ba, ku ma zan gaya muku ne don ba ku ganina. Jiya da na sunkuya na ɗauki butar Magaji, na ji nauyinta a wuyan hannuna, sai hannun ya tuna abin da kaina bai taɓa tsayawa a kansa ba. Ni na yi wa Malam hidimar halwarsa duka, ba wadda ta taya ni. Ina shiga, ina ajiyewa, ina ɗaukar ta jiya in zubar a gindin lemun tsami in sake cikawa. Lemun nan ya yi girma ya fi na kowa a unguwa. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa kullum akwai ruwan da zan zuba masa ba. Ni ban ce komai a kan Malam ba, kada wani ya rubuta cewa na ce. Mutumin kirki ne, bai taɓa zagina ba, abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba ni na sani ba. Na dai san na tsaya a ƙofar ɗakin nan ina alfahari har aka fito da shi a makara, ana ta cewa ya san lokacinsa.

To ku gaya mini, ku da kuka yi karatu da ku da kuka ga irin wannan a gidajenku. Wannan iɗɗirabul mizaj ɗin, da gaske mutum yana shan magani ya tashi ya koma gonarsa, ko Daktora tana lallashina ne irin na likitoci? In na je gaban likitan ya tambaye ni uban yaron, dole ne in buɗe masa wannan, ko zai iya yi wa ɗana magani ya bar mini mijina yadda yake? Isiya kuma, in kore shi da angarib ɗinsa a gaban mutane, ko in bari ya tafi kai sukari mu fita ta baya kamar ɓarayi a gidanmu? Ni da aka saba tashi a ba ni wurin zama, ban san yadda ake shiga gidan biki a zauna a bakin ƙofa ba, kuma a shekaruna ban so in koya. Amma yau da safe na kai masa madara, ya ɗaga kai ya dube ni, sai na ga kuncinsa ya faɗa daidai inda na ubansa ya faɗa a watan ƙarshe. Na ɗauko butar, tana nan cike. Kafin Juma'a nake son amsarku.